Tayoyin Gwaggo Rabi

Na san abin da ake faɗa a gidajen dangin babanku: wai ni na kori Gwaggonku Rabi daga gidanmu na Gyadi-Gyadi saboda kujerar mota. Na ji shi a gidan suna, na ji shi a zaman makoki, har na taɓa jin sa a bakin ɗaya daga cikinku tana ƙarama, tana faɗa tana lasar alewa, ba ta san me take cewa ba. Babanku ya rasu, Rabi ta rasu, Babana ya riga su duka, Allah Ya jiƙan su. A cikin waɗanda suka shiga motar nan ni kaɗai na rage, don haka bari in rubuta muku yadda aka yi. Ba zan ce ban yi kishin Rabi ba. Na yi, irin kishin da yake hana mutum haɗiye tuwo. Amma motar nan da gaske take zillewa, kuma har yau da nake rubutun nan, in na tuna kwanar da ke bayan Tarauni sai na ajiye biro na goge tafin hannuna.

A tsakiyar shekarun saba'in aka kai ni gidan babanku, ban cika ashirin ba, ban daɗe da gama sakandare ba. Shi akawu ne a wani kamfanin fata. Gidan haya ne, ɗaki uku a jere da rijiya a tsakar gida, kuma na tarar da Rabi a ciki. Iyayensu sun rasu a ƙauye ta wajen Wudil tana 'yar mitsitsiya, shi ya ɗauko ta ya kawo birni, shi ya riƙa kai ta makaranta a kan keke, tana zaune a ƙarfen gaba tsakanin hannayensa. Sa'ata ce, wata kaɗan ne tsakaninmu. Da farko na ɗauka na samu ƙawa. To amma akwai wasan da ke tsakanin mace da ƙanwar mijinta, wanda ake faɗar magana mai zafi a ciki a ce wasa ne, kuma Rabi ta iya shi fiye da duk wanda na sani.

Shekarar da na tare ya sayi mota, ta hannu, ruwan toka, a wurin wani Bature da zai koma gida. Ranar da za mu fara fita a cikinta na tsaya kulle ƙofar gida, ina juyowa na tarar Rabi ta riga ta buɗe gidan gaba ta zauna, ta ɗora gwiwar hannu a taga.

“Amaryar Yaya, ki yi haƙuri, ni jiri nake yi a baya. Ke kuwa ai baya wurin manya ne.”

Ya yi dariya, ni ma na yi, na shiga baya. Daga ranar ban sake ganin titin Kano ba sai ta tsakanin kawunansu. Injin motar yana da ƙara, ba na jin abin da suke cewa, dariyar kawai nake ji. Suna da sunayen mutanen ƙauyensu da ni ban sani ba, ɗaya ya ambata, ɗayan ya kwashe da dariya har yana dukan sitiyari. Ni da shi ba mu taɓa yin irin wannan dariyar ba. In na tambaya me aka ce, sai ya ɗan waiwayo ya ce ba wani abu ba ne, tsohon zance ne.

Sai Rabi ta samu aikin koyarwa a wata firamare a Tarauni. Kun san al'ada, albashin farko na wanda ya rene ka ne. Wasu turmin yadi suke saya, wasu su kai kuɗin a hannu. Rabi ta je shagon wani ɗan kudu a Unguwa Uku ta sayo taya biyu sababbi, na irin da suka fara shigowa a lokacin, waɗanda ake ce wa masu waya. A amalanke aka kawo su, naɗe da takarda. Maƙwabta suka fito, ana ta sa albarka. Na ga babanku ya juya baya yana goge ido da hannun riga. A satin nan na gama ɗinka masa hula, tun kafin biki nake fama da ita, allura ta huda mini yatsu. Ya karɓa ya ce madalla, ya ɗora a kan rediyo.

Da muka je wurin mai faci a bakin titi, mutumin ya tambaye shi inda za a sa su.

“A gaba mana! Kyautar ƙanwata zan kai baya in ɓoye?”

Mai faci ya ce dama kowa a gaba yake sa sabuwa, tunda can sitiyari yake. Aka bar tsofaffin, na irin dā masu zare, a baya inda nake zama.

Asabar ɗin da ta biyo muka kama hanyar ƙauye gaishe da gwaggonsu. Ina ɗauke da cikin Yayanku Bashir, bai ma fito sosai ba. A wancan zamanin in ka wuce gidajen ƙarshe na Tarauni gonaki ne dama da hagu, kuma can gaba akwai wata doguwar kwana da take lanƙwasa ta hagu, da tsamiya a gefenta. Babanku yana son gudu, kowa ya san shi da wannan. Ya shiga kwanar bai sassauta ba, sai na ji kujerata ta bar hanya. Ban san yadda zan kwatanta muku ba sai dai in ce kamar kana zaune a tabarma wani ya fizge ta gefe. Gaban motar yana bin kwana, ni kuma ana tafiya da ni waje. Ya fizgo sitiyari, gindin ya dawo ya wuce ɗaya ɓangaren, sai ga babbar mota cike da shanu ta taso mana. Na ga ƙahonni, na ga idon direban. Ta wuce ta gefen tagata, iskarta ta bugi fuskata. Ban san na yi salati da ƙarfi ba sai da na ji Rabi tana dariya.

“Yaya, tsaya, amaryarka za ta haihu a but ɗin mota!”

Na ce, “Motar ta zame. Wallahi bayan ya zame.”

Ya ce, “Iskar babbar motar ce ta ɗan taɓa mu. Ni da nake riƙe da sitiyari ban ji komai ba sai ke?”

Ya ji, daga baya ya amsa ya ji wani abu, amma abin da ya iso hannunsa ɗan motsi ne. A gaba suke, kusa da tayoyin da suka kama ƙasa. Ni ce a kan jelar.

Ban yi shiru ba, kullum sai na yi maganar, har ya gaji ya kai motar garejin Baba Sande a Tarauni, wani Bayarbe Kirista da ya tsufa a Kano, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ya tafi da ni don in faɗa da bakina. Baba Sande bai yi wasa da aikin ba. Ya ɗaga motar a jak, ya girgiza ƙafafun gaba, ya juya sitiyari yana saurare, ya danna kowace kusurwa ya saki yana kallon yadda take dawowa. Ya auna iska. Ya ce ƙarafunan da ke tare girgiza na baya sun ɗan gaji, ya canja su. Sannan ya zaga da ita cikin unguwa, babanku a gefensa, tsakanin awaki da masu talla, ya dawo.

“Madam, mota lafiya lau. Wanda yake juya ki yana cikin cikinki, shi kuma ba ni da sifanarsa.”

Duk garejin aka yi dariya. Muka sake bin hanyar ƙauye, motar ta sake yi, wannan karon da buhun masara a but, har ta fi na farko. Na daina barci sosai. Na riƙa zama ina jera abin a raina yadda aka koya mana a ajin kimiyya, a ga me ya canja, me bai canja ba. Ba ta yi a cikin gari. Ba ta yi a miƙaƙƙiyar hanya komai gudu. Sai a kwana, sai da gudu, kuma kaya a baya yana ƙara mata. Mun sha bin kwanar nan da irin gudun nan a da, ba ta taɓa yi ba. Abu ɗaya ne ya shigo motar a tsakani: tayoyin Rabi. Na gane haka, kuma ba zan ɓoye muku ba, da na gane sai da na ji wani sanyi a zuciyata. Na so a ce su ne.

Wata rana da la'asar yana cin abinci a tsakar gida, Rabi tana duba littattafan ɗalibanta a gefe, na ce masa tun ranar da aka sa sababbin tayoyin abin ya fara. Rabi ta rufe littafi a hankali.

“Yaya, ka ji ko? An gano ɓarawon. Tayoyina ne.”

“Ban ce ke ba ce, Rabi. Na ce tayoyin.”

“Injiniyar gidan baya! Baba Sande da furfurarsa bai gani ba, sai mai satifiket.”

Babanku ya ture kwano. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

“Duk faɗin Kano kin taɓa jin wanda sabuwar taya ta kayar? Tsohuwa ake tsoro. Hajara, idan kujerar kike so, ki ce kujerar kike so. Kada ki bi ta kan kyautar marainiya.”

Kujerar kuwa ina so. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Sallah ta matso, kuma na san za a loda motar da shinkafa da atamfofi da mu kanmu a bi ta kwanar nan. Duk abin da na ƙara faɗa a gidan sunansa kishi. Washegari yana fita aiki na ɗauki mayafina na tafi gidanmu a Ƙauyen Alu, ban tambaye shi ba. Yaji ke nan, ko na kira shi da wani suna. Innata ta tare ni da faɗa tun daga zaure, wai amaryar da ba ta shekara ba ta fara zubar mana da mutunci a kan ƙarfen Nasara.

Babana tsohon direban babbar mota ne, ya yi hanyar Jos da ta kudu har bayansa ya hana shi. Yana zaune a kan buzu, ya bari Inna ta gama, sannan ya ce in zauna. Ya tambaye ni gefen da gindin yake tafiya, da ko sitiyarin yana karkarwa, da ko tana yi in an taka birki. Na ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya. Sai ya kalle ni ya ce,

“Tsakaninki da Allah, motar ce ko yarinyar?”

Na sunkuyar da kai na ce, “Duka biyun, Baba.”

Ya yi dariya har da tari.

“To yarinyar ba ni da maganinta. Motar kuwa, gobe ma je mu gani.”

Da hantsi ya mayar da ni Gyadi-Gyadi da kansa. Babanku yana ganin sa ya cire takalmi ya durƙusa. Ya zaci zancen yaji aka zo yi, har ya fara ba da haƙuri. Baba ya ce ai wannan ya wuce, ga matarsa nan, shi motar ya ji labari yake son ya ɗana. Ya miƙa hannu. Babanku bai taɓa ba kowa makullin nan ba, ko Baba Sande sai yana zaune a gefensa yake tuƙawa. Amma suruki ya miƙa hannu, me zai ce? Ya sa makulli a tafin Baba da hannu biyu. Sai maganar zama ta taso, kuma a nan ne abin ya juya, ba dabarar kowa ba. Kunyar surukuta ba za ta bar shi ya zauna kafaɗa da kafaɗa da uban matarsa ba. Ya tsaya yana inda-inda, Rabi ta shige gaba kamar kullum, shi kuma ya buɗe ƙofar baya ya zauna kusa da ni, kansa a ƙasa. Ranar ce ya fara zama a bayan motarsa.

Da muka iso tsamiyar Baba ya tsaya ya ce in sauka, mai ciki ba ta shiga gwaji. Na tsaya a inuwa ina kallo. Ya bi kwanar a hankali, lafiya. Ya juyo ya ƙara wuta, lafiya, sai dai na ga gindin ya ɗan yi rawa. Ya koma can nesa har motar ta zama ƙarama, sannan na ji injin ya taso. A nan ne na gane abin da na yi. Na ɗauko tsohon da bayansa ba ya miƙewa na saka shi a motar da na fi kowa sanin halinta, da mijina, da 'yar mutane. Na fita daga inuwa ina ɗaga hannu, ina ihu su tsaya. Ba wanda ya ji. Ta shigo kwanar, gaban ya lanƙwasa daidai, gindin kuwa ya fita waje a hankali kamar ƙofa tana buɗewa, tayoyin suna kuka. Na ga Baba yana murza sitiyari. Motar ta juya gaba ɗaya, hancinta ya kalli inda ta fito, ta ja da baya ta sauka daga kwalta, ta haye kunyoyin wata gonar dawa ta tsaya.

Ban san yadda na isa wurin ba, takalmina ɗaya a titi aka tsinto. Rabi ta fasa leɓe a jikin ƙofa, jini a gaban rigarta. Baba yana riƙe da sitiyari yana salati. Babanku ya fito ya dafa motar, ya zauna a kan kunya. Bai kalle ni ba. Ya ce,

“Baba, bayan ne. Bayan ne yake tafiya.”

Baba ya fito yana dafe da ƙugu, ya zaga motar. Ya tsuguna da ƙyar ya danna gefen tayar gaba da babban yatsa, ya je ya danna ta baya. Na gaba cikinsu ya ɗan buɗe a ƙasa kamar ba iska, alhali cike suke, gefensu da laushi. Na baya a tsaye suke ƙyam, gefensu kamar itace.

“Ni ban taɓa tuƙa irin waɗannan sababbin ba,” in ji shi. “Amma a hannuna na ji na gaba sun kama kwalta kamar ƙadangare a bango, na baya kuwa ba su iya biyo su ba. Gaba ya sha kwana, baya yana son miƙewa. Ban rantse ba. Mu juya su mu gani.”

Manoma suka taimaka aka turo ta kan titi. Muka lallaɓa zuwa wurin mai facin nan, aka kwance masu wayar aka kai baya, aka dawo da masu zaren gaba. Rabi tana tsaye da gefen mayafi a bakinta tana kallo ana gangara tayoyinta zuwa baya, mutanen bakin titi sun taru suna tambayar me ya faru, mai faci yana ba su labari da ƙari. Aka koma kwanar. Wannan karon babanku ya tuƙa shi kaɗai, mu muna gindin tsamiya. Ya bi ta da gudun da ya saba, motar ta kwanta ta sha kwanar ta fita kamar a kan layin dogo. Ya juyo ya sake. Baba ya ce alhamdulillahi, in hali ya yi a cike sauran biyun su zama iri ɗaya. Tayoyin Rabi ba su da aibi, su ne ma mafi kyau a motar. Wurin da aka sa su ne ba daidai ba. Na faɗa mata haka da bakina a ranar, ta kalle ni ta tofar da jini a ƙasa.

Kafin Sallah labari ya isa ƙauye, amma ba wannan ba. Wanda ya isa shi ne matar ta yi yaji, ta ɗauko ubanta, an cire kyautar marainiya a bainar jama'a an mayar baya, har an fasa mata baki. Babanku bai ƙaryata ba, bai kuma gaskata ba. Bai taɓa ce mini na yi gaskiya ba, har ya koma ga Allah. Rabi ta daina wasa da ni, kuma sai na tarar shirunta ya fi wasan ciwo. Bayan Sallah ta ce za ta koma gidan wata 'yar uwar mahaifiyarsu a Unguwar Gano, wai ya fi mata sauƙin zuwa makaranta. Ya roƙe ta a ɗakinta, ina jin muryarsa ta bango, irin muryar da bai taɓa roƙona da ita ba. Ta ƙi.

Ranar tafiyar ya ce in zo mu raka ta. Aka sa akwatinta a but. Na kulle gida, na nufi ƙofar baya kamar yadda na saba, sai ta riga ni kama murfin.

“Shiga gaba, amaryar Yaya. Ni zan zauna a kan tayoyina.”

Na shiga gaba. Kujerar ta fi ta baya laushi, gilashin faɗi, ana ganin titi tun daga nesa, ga hannunsa a kan giya dab da gwiwata. Na gyara mayafi na jira ya ce mini wani abu. Ya tayar da mota, ya kai hannu ya karkata madubi har ya samo fuskarta a ciki. Ya ambaci sunan wani mutumin ƙauyensu. Ta kau da kai wajen taga. Ya ambaci wani, ya kwaikwayi tafiyarsa da kafaɗa, sai na ji dariya ta kuɓuce mata ta cikin kuka. Tun daga Gyadi-Gyadi har ƙofar gidan da muka sauke ta, da madubin yake magana.